Kiran Ƙarshe a Jigawar Nebraska

Da daddare aka kira ni, ina ɗakina a birnin Lincoln, kuma ganin lambar babban ɗan Baba a irin wannan lokaci ya sa gabana ya faɗi tun kafin in ɗaga wayar. Ya ce mini Baba ya rasu da hantsi a bakin kwamin da yake shayar da karsanoni, za a yi jana'iza ranar Asabar, mahaifiyarsu kuma ta ce lallai a sanar da ni. Makiyayi ne, kuma ɗan kwana-kwana na sa kai. Baba nake ce masa, ko da yake Ba'amurke ne farar fata kuma Kirista, domin tun shekarar da na fara zuwa gandun binciken kiwo na Jami'ar Nebraska da ke kusa da Whitman, ina ɗalibi mai auna tsawon ciyawa da nauyin maruƙa, ya ɗauke ni kamar ɗan gida, har na yi lokacin haihuwar shanu sau biyu a gandunsa. Na gaya masa ma'anar kalmar tun farko, ya karɓa da hannu biyu, bai kuma taɓa neman in sauya masa ita ba.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba na kama hanya. Tafiya ce ta fiye da kilomita 400, kuma kashinta na farko, daga Lincoln zuwa Grand Island, babu abin faɗa a kansa sai gonakin masara da aka riga aka girbe da manyan motocin kaya. A Grand Island ne ake barin babbar hanya a hau hanya mai lamba 2, wadda ta nufi arewa maso yamma har Alliance, tana tafe kafaɗa da kafaɗa da layin dogo. Jiragen ƙasa masu dakon kwal daga jihar Wyoming suna wucewa jefi-jefi, kowanne da taragai fiye da ɗari. Bayan Broken Bow gonaki sukan soma janyewa, itatuwa su ragu, ƙasa ta fara tashi tana sauka, sai mutum ya ankara ya shiga ƙasar da mutanen wurin ke kira Sandhills, wato tuddan rairayi.

Kalmar jigawa ce ta fi dacewa da wurin a bakinmu, sai dai jigawa ce mai faɗin murabba'in kilomita kusan 50,000, kimanin rubu'in jihar Nebraska ke nan, kuma babu tarin tuddan rairayi da ya kai ta girma a duk nahiyoyin Amurka biyu. Waɗansu tuddan sun kai mita 100 a tsayi. Abin da ya hana su tafiya da iska shi ne ciyawa kawai, wadda saiwarta ta saƙe saman rairayin kamar tabarma. A ƙarƙashinsu kuma akwai ruwa mai ɗimbin yawa, wani ɓangare na taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake kira Ogallala, shi ya sa a kwaruruka tsakanin tuddai ake samun fadamu da ƙananan tafkuna, a kan tudu kuma famfunan iska suna juyawa dare da rana suna cika kwamin shanu. A jihar da shanu suka ninka mutane kusan sau uku, nan ne cibiyar kiwon shanun haihuwa, kuma mutum zai iya tafiyar rabin sa'a bai ga rufin gida ko ɗaya ba, sai baƙaƙen shanu irin Angus a warwatse a gefen tudu.

Na tsaya a Halsey domin in yi sallar azahar, in kuma dubi abin da na daɗe ina jin labarinsa ban gani da idona ba. A nan akwai wani daji da mutane suka dasa da hannunsu tun daga 1902, bisa shawarar masanin tsirrai Charles Bessey, wanda ya yi imani cewa itace zai iya rayuwa a kan rairayin nan. A watan Oktoba na 2022 wuta ta tashi a cikinsa, iska ta kore ta, ta cinye eka kusan 19,000 na daji da makiyaya, ta ƙone sansanin horar da yara manoma da hasumiyar da ake hawa a hango gobara, ta kuma tsallake ita wannan hanya da nake kai. Ɗaya daga cikin 'yan sa kai masu kashe gobara na ƙauyen Purdum ya rasu a bakin aikin kashe ta. Ciyawa ta riga ta dawo a kan tuddai lokacin da na wuce, amma itatuwan suna nan tsaye baƙi ƙirin, babu ganye babu reshe. Baba yana cikin waɗanda suka yi doguwar tafiya suka kai gudummawa a ranar, duk da tsufansa, ko da yake a lokacin motar ɗaukar ruwa kawai ake barinsa ya tuƙa.

Tsakanin Thedford da Mullen akwai wani allo a bakin hanya da ke sanar da matafiyi ya mayar da agogonsa baya da sa'a ɗaya. Daga nan na bar kwalta na hau siririyar hanya mai layi ɗaya, daga bisani ita ma ta ƙare, na shiga burji, na ratsa makiyayar mutane uku. Duk wanda na yi kiciɓis da shi sai ya ɗaga yatsa ɗaya ko biyu daga kan sitiyari, gaisuwar ƙasar ke nan, kuma ba a barin ta ko ga baƙo. Rana ta yi sanyi lokacin da na hango jan rumbun ajiyar Baba da layin itatuwan da kakansa ya dasa domin tare iskar arewa.

Matarsa na tsaye a ƙofar kicin. Na cire hulata na ce, “Mama, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana.” Ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce, “Ɗana, ka sha hanya. Shigo ka ci abinci, na sa an ware maka naman sa, babu abin da ya taɓa shi.” Shekaru sun wuce tun da na ci abinci a gidan, amma ba ta manta ba na cin naman alade ba. Teburin ya cika da kwanukan da maƙwabta suka kawo, kuma maƙwabci a wannan ƙasa yana iya zama mutumin da ke kilomita 30 daga gidanka. A kan taga, kusa da tulun kofi, 'yar na'urar kiran gaggawa da yake maƙalawa a ɗamararsa tana nan zaune a kan abin cajinta, ƙaramar fitilarta a kunne. Babu wanda ya yi ƙarfin halin kashe ta.

A daren muka zauna da 'ya'yansa uku ana tuna baya. Kakansa ya zo wurin ne a ƙarƙashin dokar Kinkaid ta 1904, wadda ta ba kowane mai son zama eka 640 a yammacin Nebraska, maimakon eka 160 da dokar 1862 ta tanada, domin an gane cewa ƙaramin fili ba ya ciyar da iyali a kan rairayi. Ƙasa ce da a da mutanen Lakota da Pawnee suke farautar ɓauna a cikinta kafin a raba su da ita, Baba kuwa bai taɓa ɓoye wannan ba idan yana ba da tarihin wurin. Yawancin waɗanda suka karɓi filin sun sa garma suka kafta, iska ta kwashe gonakin, suka sayar suka tafi. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka bar ciyawa a inda take suka sa mata shanu. Baba kansa yana ɗan shekara shida aka yi guguwar dusar ƙanƙara ta Janairun 1949, wadda ta rufe hanyoyi na makonni, har sai da jiragen sama suka riƙa jefo wa shanu ingirici, sojoji kuma suka zo da manyan injuna suka buɗe hanya. Yakan ce abin da bai manta ba shi ne mahaifinsa ya ɗaura igiya daga ƙofar gida zuwa turken dabbobi, domin kada mutum ya ɓata a tsakar gidansa.

Ya sha gaya mini cewa shi ba shanu yake kiwo ba, ciyawa yake kiwo, shanu kuwa hanyar kai ta kasuwa ce. Ban fahimci nauyin maganar ba sai ranar da ya kai ni wani rami a gefen tudu, inda shekarun baya shanu suka yawaita bin turba ɗaya har ciyawa ta mutu, iska ta sami ƙofa, ta riƙa ƙwaƙule rairayi har wurin ya zama kwari mai iya haɗiye gida. Ya kewaye shi da waya, ya shimfiɗa tsohon ingirici, ya jera tsofaffin tayoyin mota, kuma duk bazara sai ya zo ya duba. Ya durƙusa ya nuna mini waɗansu siraran ganye da suka ɓullo ta tsakiyar wata taya, ya tone gefensu da yatsa domin in ga yadda saiwar ke tafiya a kwance tana kama rairayi, sa'an nan ya mayar da ƙasar ya danna ta da tafin hannu. Shekara 20 ke nan yana jinyar wannan rami, in ji shi, kuma yana sa ran jikokinsa za su ga ya warke.

Wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin yadda mutumin ya ba aikin kashe gobara fiye da shekara 40 na rayuwarsa ba tare da albashi ba. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwana 'yan sa kai ne, al'ada ce da ake danganta ta da ƙungiyar da Benjamin Franklin ya kafa a Philadelphia a 1736, amma a jigawar nan babu ma wani zaɓi. Gundumar da mutanenta ba su kai dubu ɗaya ba ba za ta iya biyan ma'aikata su zauna jiran wuta ba. Makiyayi da makanike da malamin makaranta da mai shagon kayan gyara su ne rundunar. Kuɗin kayan aiki yana fitowa ne daga ɗan harajin yanki da liyafar neman gudummawa, motocin kuma da yawansu tsofaffin motocin soja ne da hukumar kula da dazuzzuka ta jihar ke gyarawa ta ba su aro. Saboda nisan gari, akan ajiye waɗansu motocin a gandun makiyaya, ɗaya daga ciki kuwa a rumbun Baba take kwana, tankinta a cike, makullinta a jiki.

Sau ɗaya na ga aikin da idona, a wani dare na watan Agusta. An yini ana zafi, da magariba hadari ya taso da tsawa da walƙiya amma babu ruwa, irin hadarin da makiyayan wurin suka fi tsoro. Muna cikin cin abinci na'urar ta yi ƙara, muryar mai karɓar kira ta faɗi wurin. Baba ya ajiye cokali, shi da ɗansa suka fita ba tare da sun ce uffan ba, kafin in ɗaura takalmina na ji tashin motar. Ni ba ni da horo, saboda haka aikina shi ne in bi Mama a a-kori-kura da jarkokin ruwan sha da burodi, in riƙa sauka ina buɗe ƙofofin shinge. Da muka hau wani tudu na ga wutar, layi ne ja mai lanƙwasa, tsawonsa ya fi kilomita uku, iska na tura kansa gaba da saurin da mutum ba zai iya tsere masa da ƙafa ba.

Babu mai tsayawa a gaban irin wannan wuta. Motocin suna shiga ne ta inda ta riga ta cinye, su bi gefenta a jere, direba yana tafiya a hankali cikin hayaƙi a kan rairayin da ke iya riƙe taya kowane lokaci, mutum ɗaya a tsaye a baya riƙe da mesa yana feshin bakin harshen, motar da ke biye tana kashe abin da ta farko ta bari. Tankin ba ya daɗewa yake ƙarewa, sai motar ta fice daga layi ta nufi kwamin shanu mafi kusa ta zuƙi ruwa, wata ta maye gurbinta. A can gaba wani ya kawo gireda yana kankare ciyawa domin wutar ta iso ta rasa abin ci, waɗansu matasa kuma sun yanke waya suna kora shanu zuwa fadama. Ta oba-oba nake jin muryar Baba, ba ya ɗaga ta, yana gaya wa motocin da suka zo daga wasu garuruwa inda akwai rami, inda akwai ƙofa, inda famfon iska yake, domin ya san ƙasar a cikin duhu kamar yadda ya san ɗakinsa. Na ƙirga fitilun motoci fiye da ashirin a daren, a wurin da da rana ba ka ganin mutum ɗaya.

Sai da gari ya waye na san cewa makiyayar da ta ƙone ta wani mutum ce da suka yi shekaru ba sa ga maciji da Baba, saboda wata tsohuwar rigima a kan shinge da wani bijimi. Na tambaye shi a kan haka yana wanke baƙin hayaƙi daga fuskarsa a bakin famfo, sai ya ce wuta ba ta karanta takardar fili. Mu mukan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da na gani a wurin ya wuce haka, domin ruwan nasu suke ɗauka su kai wa gemun ɗan'uwan, su bar nasu a hannun Allah. Bayan mako biyu Baba ya aika wa mutumin da tirela guda ta ingirici, tun da wanda makiyayarsa ta ƙone ya rasa abincin hunturu, kuma dole ya ɗauke shanunsa daga wurin har ciyawa ta farfaɗo, in ba haka ba iska ta gama da abin da wuta ta bari.

Iyalinsa ma sun biya nasu kason, kuma ba daidai ba ne a yabi mutumin a manta da wannan. 'Yarsa ta ce akwai bikin ranar haihuwarta da aka yanka kek babu shi, akwai kuma daren da mahaifiyarsu ta ja ɗan maraƙi daga cikin karsana ita kaɗai, cikin sanyin Maris, domin an kira shi wajen hatsarin mota, babban asibiti kuwa yana North Platte, tafiyar fiye da kilomita 100. Ta faɗi haka ba da ƙorafi ba. Ta ce duk inda ya je yakan dawo, ya zauna a bakin gadonsu da warin hayaƙi a jikinsa, ya tambaye su abin da aka koya musu a makaranta.

Ranar Asabar an yi taron ne a zauren wasanni na makarantar garin, domin cocin ba zai ɗauki jama'a ba. Akwatin gawar na katako ne fari, ba fenti, kuma a daren jajibiri 'ya'yansa da maƙwabta sun ɗora ƙarfen shaidar shanunsu a wuta sun buga a jikinsa, nasa a tsakiya, na sauran a kewaye. Waɗannan su ne mutanen da duk bazara suke zagayawa gandu-gandu suna yi wa maruƙan juna shaida da allura, aikin gayya sosai, mai gida ya ciyar, gobe a koma na wani. Na ga shaidar mutumin nan na rigimar shinge a cikinsu. Fasto ya yi addu'a, jikoki suka yi waƙa, ni kuma na zauna a gefe ina tuna alherinsa.

Daga nan sai shugaban 'yan kwana-kwanan ya miƙe, waɗanda ke cikin rundunar duka suka miƙe tare da shi, aka haɗa oba-oba da lasifikar zauren. Ƙarar nan da na ji a daren Agusta ta tashi, na'urorin da ke ɗamarar mutane suka amsa a lokaci ɗaya daga kowace kusurwa. Muryar mai karɓar kira, wadda take zaune a ofishinta a wani gari, ta kira lambar Baba da sunansa. Aka yi shiru. Ta sake kira, aka sake yin shiru, wannan karon ya fi tsawo, har ina jin kukan iska a rufin kwano. Ta kira na uku. Sa'an nan, muryarta na rawa, ta sanar cewa bai amsa ba, ya gama aikinsa, ta gode masa a madadin gundumar, ta ce sauran za su ci gaba daga inda ya tsaya. Maza masu taurin hannu, waɗanda na sani ba sa nuna abin da ke ransu, suka sunkuyar da kai suna share ido da bayan hannu. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

A kan tsohuwar motar da ke kwana a rumbunsa aka ɗora shi zuwa maƙabarta, motocin kashe gobara na garuruwa da dama suna biye da fitilu a kunne, babu jiniya. Jikarsa ta ja dokinsa a baya, da sirdi da linzami da igiyarsa a naɗe, babu mahayi. Na lura yawancin waɗanda suka sa rigar runduna furfura ta cika musu kai, abin da ke damun mutanen yankin ƙwarai, domin matasa suna tafiya birni karatu, kaɗan ne ke dawowa. Ita jikar tana cikin kaɗan ɗin. Ta gaya mini a wajen cin abinci cewa ta fara karɓar horon ba da agajin gaggawa, kuma motar za ta ci gaba da zama a rumbunsu.

Washegari kafin in tafi na bi babban ɗan zagayen ruwa, domin shanu ba su san an yi rasuwa ba. Sanyin dare ya sa ƙanƙara ta rufe saman kwamin, muka fasa ta da gatari, muka kwashe ɓaraguzan da cebur, karsanonin suka matso suna huci. Ya nuna mini inda aka sami mahaifinsa, a jingine da tayar motarsa, famfon iska na juyawa a kansa. Muka biya ta ramin nan na gefen tudu, na ga ciyawa ta rufe fiye da rabinsa, tayoyin sun kusa nutsewa a cikinta.

Mama ta cika mini leda da gasasshen nama da burodin da ta toya, ta ce, “Ɗana, in bazara ta yi ka zo aikin shaida, hannu ɗaya ya ragu.” Na ce mata in Allah ya yarda zan zo. A ƙofar shinge ta ƙarshe na sauka, irin ƙofar nan ta waya mai ƙaya da sanda, wadda sai an sa kafaɗa an rungumi ginshiƙin kafin zoben ya shiga, kamar yadda Baba ya koya mini a makona na farko, yana cewa kowace ƙofa a bar ta yadda aka same ta. A rufe na same ta, na fitar da motar, na dawo na sa kafaɗa na rufe, sa'an nan na kama burji zuwa kwalta.